Kaset ɗin Baba, da abin da kunnena ya gano tsakanin MP3, AAC, Opus da FLAC

Jama'a assalamu alaikum. Tunda aka kai amfani gida aka ɗan samu sarari, kusan duk dararena a shagon cajin ƙanena nake yinsu da laftof da wata tsohuwar rikoda, har mutane sun fara tambaya wai ko sana'ar turi na koma. Ba ita bace. Kaset ɗin mahaifinmu nake ƙoƙarin ceto, kuma a cikin wannan aikin ne na faɗa maganar wane irin fayil ne ya fi riƙe sauti, wanda da can ni dai a wajena waƙa waƙa ce, in ta buɗe a waya shikenan.

Baba, Allah Ya jiƙansa, mutum ne mai son ɗaukar abu. Yana da rikoda irin mai cin batir shida ɗin nan, duk inda ake gayya ko biki ko dambe ko kalankuwa a ƙauyukan da ke kewaye da mu nan ƙasar Ringim sai ya rataya ta ya tafi, ya ajiye ta kusa da makaɗa ya danna jan maɓallin. Da ya rasu kaset 41 muka samu a cikin kwali. Akwai gangar noma a wajen gayya har kana jin ihun manoma da ƙarar garma, akwai kalangun dambe, akwai gaɗar 'yan mata da tafi a dandali, akwai kiɗan ƙwarya na mata a gidan suna, akwai wani tsoho mai kukuma da yake zuwa ranar kasuwa, sai 'yan kaset na bege da wa'azi. Waɗannan ba irin waƙoƙin da zaka shiga YouTube ka rubuta suna su fito bane. Mutanen ba su taɓa shiga situdiyo ba, da yawansu ma sun riga mu gidan gaskiya, abin da rikodar Baba ta kama shi kenan abin da ya rage.

Wajen 2012 na taɓa yunƙurin kwashe su. Lokacin 'yar Nokia ce a hannuna, sai in kunna kaset in kara wayar a jikin sifikar rikoda in danna ɗaukar murya, in zauna shiru kar in yi tari har gefe ɗaya ya ƙare in juya. Na yi ta yi wajen wata biyu. Da na gama na kai memorin wajen wani mai turi a kasuwar Gujungu ranar Lahadi, ya juya min su zuwa MP3 dan su dinga buɗewa a ko'ina, na dawo gida da farin ciki ina ganin na gama da wannan babin. Sai a daminar 2022, shekarar da ambaliya ta yi ɓarna sosai a Jigawa, bangon ɗakin da kwalin yake ya zauna, kafin a tono shi laka ta shiga, kaset 17 zarensu ya manne ya ruɓe, ba yanda za a yi da su. 24 suka tsira.

Da na koma kan waɗancan fayilolin na 2012 dan in saurari abin da ke cikin 17 ɗin, wallahi jikina sanyi ya yi. Murya tana nan, ana gane mai waƙa, amma kamar mutum yana magana daga cikin tulu, kiɗan kuma ya zama wani irin ɓurum-ɓurum, tafin 'yan mata ya koma kamar ruwa yana zuba a kan kwano. Daga baya na gane dalili. Waɗancan ƙananan wayoyin da wani tsari suke ɗaukar murya mai suna AMR, wanda dan kiran waya aka yi shi ba dan kiɗa ba, iyakacin ƙarfinsa kilobit 12.2 ne a sakan (kilobit ma'auni ne na yawan wajen da sauti yake ci a fayil), kuma duk sautin da ya wuce girgiza kamar 3,400 a sakan yankewa yake ya zubar. Kunnen yaro mai lafiya yana ji har wajen 20,000. Kaga kenan yawancin siririn sautin da ke sa kiɗa ya yi rai tun ranar farko na zubar da shi da hannuna, kuma juyawar da mai turi ya yi zuwa MP3 ba ta dawo da komai ba, sai ma ƙara ɓata shi da ta yi.

To wannan karon nace ba zan sake yin aiki a makance ba, sai na fahimci abin tukunna.

Ga yanda na fahimce shi. Sauti irin na faifan CD ana auna shi sau 44,100 a kowane sakan, kowane awo bit 16, kunne biyu wato layin sauti na hagu da na dama, in ka haɗa lissafi kilobit 1,411 kenan a sakan, wato minti ɗaya yana cin wajen MB 10. Wannan shi ne fayil ɗin WAV, ɗanye, ba a taɓa shi ba. Kaset ɗaya mai awa ɗaya zai ci MB 635. Shi yasa dole aka nemi hanyar matsewa, kuma matsewar iri biyu ce, nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Akwai matsi irin na auduga, ka danna ta a buhu ka taka ta ƙanƙance, ranar da ka zazzage ta dawo yanda take ba abin da ya ragu, wannan shi ne FLAC, wanda ya fito a 2001, yana rage girman fayil zuwa kamar rabi ko sama da rabi kaɗan kuma ko ƙwayar sauti ɗaya ba ta ɓata. Sai kuma matsi irin na surfe, a cire dusa a bar tsaba, abin da ya rage ya fi sauƙin ɗauka amma dusar ta tafi kenan, ba mai mayar da ita jikin gero. MP3 da AAC da Opus da Vorbis da WMA duk 'yan surfe ne, bambancinsu kawai wa ya fi iya zaɓar abin da zai zubar ba tare da kunne ya ankara ba.

Dabarar kuwa mai ban sha'awa ce. Ka tsaya kusa da injin niƙa yana aiki, ɗan tsako ya yi kuka a gefenka, ba zaka ji shi ba duk da kukan yana nan. Sauti mai ƙarfi yana danne na kusa da shi marar ƙarfi. To su waɗannan tsare-tsaren lissafi suke yi, wane ɗan tsako ne injin ya danne, sai su ƙi ɓata waje a kansa. In ka ba su waje mai yawa, abin da ba a ji kawai suke taɓawa. In ka ƙuntata musu sai su fara cin wanda ake ji. Lambar nan da kuke gani, 64 ko 128 ko 320, ita ce kilobit ɗin, wato yawan wajen da aka ba su a kowane sakan. 128 yana cin kusan MB 1 a minti, 320 kuma MB 2.4.

MP3 shi ne dattijo a cikinsu. A Jamus aka yi yawancin aikinsa, a cibiyar Fraunhofer da ke garin Erlangen, sunan da aka fi ambata shi ne Karlheinz Brandenburg, an fitar da ƙa'idarsa a 1993, sunan .mp3 ɗin kuma a 1995 aka laƙa masa. Wani abu da ya burge ni a tarihinsa, abin da ya fi ba su wahala lokacin gwaji wata waƙa ce ta wata mawaƙiya 'yar Amurka da ba kiɗa a ciki sam, murya zalla, sun yi ta maimaita ta kafin muryar ta daina fitowa a gurɓace. AAC ya biyo baya a 1997 dan gyara kurakuran MP3, shi ne fayil ɗin da zaka ga ƙarshensa .m4a, shi Apple suke sayar da waƙoƙi da shi a 256, kuma shi ne sautin da ke cikin yawancin bidiyon da muke kallo a waya. Opus ƙaramin ƙane ne, 2012 ya fito, an haɗa shi ne daga fasahar murya ta Skype da wata fasahar kiɗa ta ƙungiyar Xiph, yana aiki daga kilobit 6 har 510, kuma kullum kuna amfani da shi ko ba ku sani ba, dan saƙon muryar WhatsApp da shi ake yi. Vorbis da WMA ban ɓata lokaci a kansu ba saboda a nan wajenmu da wuya ka ci karo da su.

Karatu daban, ji da kunne daban. Sai na shirya gwaji.

Da farko na gyara rikodar, na goge hed ɗin da auduga da sifirit har audugar ta daina fitowa da ja, na sa mata sababbin batura saboda in batir ya yi sanyi zare yana jan jiki murya ta yi kauri, in kuma ka jona ta da janareta akwai wani gurnani da yake biyo waya ya shiga cikin ɗaukar. Na jona waya daga ramin iyafis na rikoda zuwa wata 'yar na'urar sauti mai shiga USB, na ɗauka da manhajar Audacity wadda kyauta ce, na ajiye a WAV. Daga nan na yanko guntaye uku, kowanne kamar sakan 20: wajen da kalangu ke magana shi kaɗai kafin mai waƙa ya shigo, wajen tafin 'yan mata da guɗa, sai muryar tsohon nan da kukumarsa. Na ƙara da guntu ɗaya daga wani faifan CD na waƙar situdiyo ta Kano irin mai fiyano. Kowane guntu na fitar da shi kala-kala daga uwar WAV ɗin kai tsaye, MP3 a 64 da 128 da 192 da 320, AAC a 96 da 128, Opus a 64 da 96, sai FLAC.

Abin da ya fi muhimmanci a gwajin shi ne kar mai sauraro ya san wanne ake kunna masa. Na gwada da kaina, in ina kallon sunan fayil na ga an rubuta 320 sai kunnena ya ce min ai wannan ya fi daɗi, zuciya ce ke saƙawa. Dan haka ƙanena ne yake zama a gaban laftof ni in juya baya, ya kunna min asalin, ya kunna min wanda aka matse, sannan ya jefa kwabo ya kunna ɗaya daga ciki in faɗi wanne ne, ya rubuta a takarda, sau goma. Mai canke kawai zai dace wajen sau biyar. Amma mutum ya dace goma cikin goma da sa'a kaɗai, wannan sau ɗaya ne cikin 1,024. Masu kwamfuta akwai manhajar foobar2000 da ake ƙara wa wani ɓangare mai yin wannan aikin da kansa, mu dai kwabo da biro muka yi amfani da su. Kuma da iyafis mai waya muka yi, saboda Bluetooth shi ma sake matse sautin yake kafin ya kai kunne, sai gwajin ya cakuɗe.

MP3 a 64 ba sai an wahala ba, goma cikin goma na kama shi a tafin 'yan mata. Tafi yana daga cikin abin da ya fi ba waɗannan tsare-tsaren wahala, hannaye da yawa kowanne da lokacinsa, sai ya fito yana wani walainiya kamar ana motsa ruwa a bokiti, shuuu ɗin kaset ɗin ma maimakon ya tsaya waje ɗaya sai ya dinga lilo. A 128 na kama tafin sau tara, amma a muryar tsoho da kukuma na kasa, biyar na samu. A 192 na kasa gane bambanci a duka guntayen huɗu, 320 ma haka, FLAC kuwa dama ba abin kamawa tunda shi ne asalin. AAC a 128 ya fi MP3 a 128 tsafta a kunnena, tafin ya fi tsayawa da ƙafarsa. Wanda ya ba ni mamaki Opus ne, a 64 ɗin da MP3 ya watse shi yana nan daram ana jin daɗinsa, a 96 kuwa ban iya raba shi da asali ba. Wannan ya zo daidai da wani gwajin saurare na jama'a da aka yi a intanet a 2014, inda Opus a 96 ya zo kan gaba, har ya wuce MP3 ɗin da aka ba waje fiye da nasa.

Ƙanena shekararsa 19, kunnensa ya fi nawa kama siririn sauti, a waƙar CD ɗin ya gane MP3 128 sau tara, yace "Yaya, wannan cas-cas ɗin na sama ne yake dushewa." Gaskiyarsa, MP3 a 128 yawanci yana yanke abin da ya haura girgiza 16,000 zuwa 17,000, ni kuma kunnena ya riga ya fara sallama wannan yankin, haka shekaru suke yi wa kowa.

Amma daren da ba zan manta ba shi ne wanda Baffa ya zo. Abokin Baba ne tun yarinta, Baffa muke ce masa, makaɗin kalangu ne a zamaninsa, yanzu ya haura saba'in, sai ka ɗaga murya yake jinka. Ya zo karɓar wayarsa daga caji bayan isha'i ya tarar muna ta maimaita sakan 20 ɗin nan na kalangu, ya tsaya a bakin ƙofa da tocila a hannu, can yace "Kai ɗan nan, wannan ai hannuna ne." Ashe shi ne a kaset ɗin, wani damben bayan girbi sama da shekara talatin da suka wuce. Muka ba shi benci ya zauna, na sa masa hedifon a kan hularsa, nace "Baffa zan kunna maka kala biyu ka faɗa min ko da bambanci." Ni a raina na ɗauka ba zai ji komai ba tunda kunnen ya yi nauyi. Na kunna asalin, ya lumshe ido, yatsun hannunsa na hagu suna matsa gwiwarsa kamar yana matsa tsarkiya. Ƙanena ya kunna MP3 64. Bai kai ƙarshe ba ya ɗaga hannu yace "A'a. Wannan fatar ta sha raɓa." Nace Baffa kamar yaya? Yace in ka kwana da kalangu a waje raɓa ta sauka a kai, ka buga da safe kafin rana ta taɓa shi, bakin bugun ba ya fita tsaf, sai ya yi laushi, haka wannan yake. Muka yi masa sau goma da kwabo, goma ya faɗa daidai.

Daga baya na gano abin da ya ji yana da bayani. Waɗannan tsare-tsaren gunduwa-gunduwa suke yanka sauti su yi lissafi a kan kowace gunduwa, MP3 awo 1,152 yake ɗauka a kowane yanki. In bugu mai kaifi ya faɗo a tsakiyar gunduwa, kuskuren lissafin sai ya bazu a cikinta duka har da ɗan shirun da ke gaban bugun, sai ya zamana akwai wata 'yar inuwa da take riga bugun isowa, kaifinsa ya dakushe. Wannan ba ruwansa da siririn sauti da tsufa ke ɗaukewa, lokaci ne, kuma mutumin da ya yi shekaru yana bugun fata ya san daidai inda bugu yake farawa. A 128 Baffa ya samu bakwai, wanda bai isa a ce ya gane ba, a 192 da Opus 96 yace "duk ni ne." Kiɗanmu na gargajiya kusan duka bugu ne, kalangu, ganga, kotso, ƙwarya, shantu, tafi, dan haka ni a ganina mu ne ma bai kamata mu yi wasa da wannan lambar ba.

Sai dai fa da muka cire hedifon muka mayar da gwajin kan 'yar sifikar nan da muke kira MP, irin wadda ake ratayawa a babur ko a kai gona, kusan duk bambancin ya ɓace, 128 da FLAC ba wanda ya raba su a cikinmu, 64 ne kawai yake tona kansa a tafi. A manyan sifikun biki kuma akasin haka, duk wata ɓarna ƙara fitowa take in aka ƙure murya.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci min rai, maganar 320 na ƙarya. Zaka je wajen turi a ce maka waɗannan masu nauyi ne, 320 ne, memorinka ya cika da wuri kana murna. Alhali yawancinsu daga bidiyo aka ciro su, sautin da ke cikin bidiyon YouTube na yau da kullum AAC ne a wajen 128 ko Opus kusa da haka, sai a bi ta wani shafi ya juya shi zuwa MP3 ya rubuta 320. Kwano ɗaya na gero ne aka zuba a babban buhu, buhun ya ci waje a ɗaki geron bai ƙaru ba, hasali ma an sake surfa shi karo na biyu. Akwai wata 'yar manhaja Spek, in ka jefa mata fayil tana zana maka hoton sautin, na jefa waƙoƙi da dama daga kwamfutar shagonmu masu lambar 320, sai ka ga an yanke saman hoton ƙat a wajen 16,000 kamar an sa reza, sama da nan baƙi ƙirin. Ban ce masu turi mugunta suke yi ba, su ma haka suka samu, ƙanena ma bai sani ba sai da na nuna masa. Mafi muni shi ne wanda aka ciro daga sitatus, wani ya ɗora a TikTok, wani ya sauke ya sa a sitatus, wani ya sauke ya ciro sautin ya juya, kowane mataki an sake surfe, kafin ta iso kunnenka sautin ya gama galabaita.

Tura fayil da Xender ko Bluetooth (ba sauraro da iyafis ɗin Bluetooth ba) ko kwafa daga memori zuwa memori ba ya rage komai, ko sau dubu aka yi fayil ɗin yana nan yanda yake, juyawa daga wani tsari zuwa wani ita ce ke ci. In a WhatsApp zaka tura abu mai daraja, tura shi a matsayin dokumen zai isa yanda ka aika shi, kar ka kara waya a sifika ka ɗauka da saƙon murya.

Ga abin da na tsaya a kai. Kowane kaset ina ɗaukarsa sau ɗaya da kyau in ajiye a FLAC, wannan ita ce uwa, ba na taɓa ta, ko shuuu ɗin ba na gogewa a jikinta, dan na gwada abin rage shuuu na Audacity na ga in ka matsa masa da yawa yana tafiya da numfashin mai waƙa ya bar wani sauti kamar na ƙarƙashin ruwa. Da yake rikodar Baba makirufo ɗaya gare ta, sautin layi ɗaya ne ba na kunne biyu ba, da na ankara da haka na koma ajiyewa a layi ɗaya, WAV ɗin awa guda ya sauko wajen MB 318, FLAC kuma ƙasa da haka, duk kaset 24 ɗin ba za su cika memori mai GB 8 ba. Uwar tana waje uku, laftof, memori ɗaya da na ba Inna ta sa a cikin adakarta, sai Google Drive da suke ba da GB 15 kyauta, wanda sai na shiga Ringim inda sabis ya fi ƙarfi nake ɗorawa kaɗan-kaɗan. Memori kuma ku yi hattara, akwai na jabu da zai nuna maka GB 32 alhali cikinsa bai kai ba, sai ka cika shi ka ga waƙoƙi sun ƙi buɗewa, ni sai na cika sabon memori taf na buɗe fayilolin farko da na ƙarshe kafin in yarda da shi.

Wanda nake raba wa mutane kuma MP3 ne, duk da a kunne Opus da AAC sun fi shi a ƙaramin waje. Dalili, MP ɗin da ke hannun mutanenmu da rediyon mota mai cin memori da ƙananan wayoyi masu madannai, MP3 suka sani, ka sa musu .opus ko .m4a da yawansu tsallakewa suke kamar babu shi. Android tana buɗe duka har da FLAC, to a tawa wayar Opus 96 nake sawa. Na kaset masu layi ɗaya MP3 128 nake fitarwa, wanda ya wadatar sosai tunda duk wajen layi ɗaya ne ke cinye shi, waƙoƙin CD masu kunne biyu kuma 192, awa ɗaya MB 86. Akwai nau'in MP3 mai hawa da sauka, ya ƙara waje inda kiɗa ya cakuɗe ya rage inda aka yi shiru, yana da kyau, amma wasu ƙananan na'urori suna ruɗewa su nuna tsawon waƙa ba daidai ba, shi yasa na rabawa nake barinsa a tsaye.

Sunan fayil ma aiki ne. Irin sunan nan da WhatsApp ke sa wa fayil, AUD da dogayen lambobi da WA0007, bayan shekara biyar ba wanda zai san mene ne. Ina zama da Inna da rana in kunna mata kiɗan ƙwarya, ta ce wannan sunan wance ne, waccan mai ba da waƙar daga ƙauye kaza aka auro ta, shekarar da aka yi fari ce, ni kuma ina rubutawa a jikin fayil ɗin. Wata rana ta ji muryar yayarta a cikin 'yan amshi ta ce in mayar baya, sau huɗu na mayar.

Baffa ya dawo bayan kwana biyu da wata tambaya. Yace akwai wani kaset da Baba ya ɗauka a bikin wani gida a unguwar gabas, yayansa ne yake waƙa shi yana masa kiɗa, kuma shi ne kaɗai wajen da aka taɓa ɗaukar muryar yayan nasa kafin ya rasu. Na duba takardar da na rubuta sunayen kaset, yana cikin 17 ɗin da laka ta ci. Nace "Baffa akwai shi amma irin na tsohuwar wayar nan ne, bai yi kyau ba." Yace in kunna. Ya saurara har ƙarshe bai ɗaga hannu ba, minti 26, muna zaune ba mai magana sai ƙarar fankar inbata. Da ya ƙare ya cire hedifon ɗin ya riƙe a cinya, yace muryar ta Yaya ce babu shakka, har yanda yake jan numfashi kafin ya ɗauko baiti, amma kalangun bai ji shi ba, kamar wani ne yake buga ƙofa daga nesa. Sannan ya zaro 'yar wayarsa daga aljihun gaba ya miƙo min yace in sa masa shi a memori haka nan, in sa shi ya zama na farko.

Saura kaset 9 ban ɗauka ba. Bel ɗin rikodar ya fara saki, zare yana rawa a ƙarshen kowane gefe, na tsayar da aikin sai ranar Lahadi in na je Gujungu in duba wajen masu gyaran rediyo ko za a samu wanda ya yi daidai da ita.